Lambar da ta cika gilashin kalkileta

A ajin terminal na sha kunyar da har yau ban manta ba. Mushe ya rubuta 3, 7, 31, 127 a tablo, ya ce duka ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin waɗanda muke kira nombre premier. Ya nuna mana cewa kowace ana samunta ne in aka ninka 2 da kanta sau 2, 3, 5 ko 7, a cire 1. Ni kuwa sarkin gaggawa na ɗaga hannu na ce ai shi ke nan, sau 11 ma haka za ta ba da. Ya miƙo mini alli. Na samu 2047, na tsaya ina murmushi. Wata yarinya daga bayan aji ta ce: "23 sau 89." Aji ya fashe da dariya. Wata guda ana kirana Malam 2047.

Haushin nan ne ya kai ni ga 2147483647, wato 2 sau 31 a ninke, a cire 1. Alƙaluma goma ne cif, daidai abin da gilashin kalkiletata ke ɗauka. Tana cikin dangin da ake kira na Mersenne, ita ce ta takwas a jerinsu. Kuma 31 ɗin da ta haife ta ita ma ƴar dangin ce, kun ga jika da kaka gida ɗaya.

Na rantse sai na gwada ta da hannuna kafin in yarda. Ashe ba sai an raba ta da kowace lamba ba: in tana da mai raba ta, to akwai ɗaya da bai wuce 46340 ba. Duk da haka aikin ya fi ƙarfina. Sai na gano dabarar: duk lamba marar rabuwa da za ta raba ta, dole ta zama ninkin 62 da ƙarin 1. Dubu arba'in da shida suka koma ƙasa da 750. Na koma kan 2047 da wannan ido: 23 ai 22 ce da 1, 89 kuma 88 da 1, duka ninkin 22. Wallahi sai da na tashi tsaye. Ashe yarinyar nan ba sa'a ta yi ba, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Euler ya tabbatar da 2147483647 ba ta rabuwa a 1772, lokacin idonsa ya kusan mutuwa gaba ɗaya. Ni da ido biyu da kalkileta da fitilar waya, dare huɗu na yi, na tsaya a wajen dubu tara saboda bak ta matso.

Baba ya ga kaye cike da rabe-rabe, ya tambaye ni me nake nema. Na ce ina neman abin da nake fatan kar in samu. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in na gama in zo in taya shi lissafin buhunan wake. Kayen yana nan cikin akwatina, na ninke shafin da na tsaya.