Gayya ta koma haraji a ƙasar Gobir

Rubutun yau yana da tsawo, a yi mini haƙuri.

Kwana biyun nan ina ganin wasu a Facebook, galibinsu mazauna birni, suna cewa duk ƙauyen da ya tara kuɗi ya ba 'yan bindiga to shi ma ɗan ta'adda ne, a kama mai garinsa. Wasu daga cikin masu wannan magana abokaina ne, har da waɗanda muke ofis ɗaya. Ni ɗan wani ƙaramin ƙauye ne tsakanin Sabon Birni da Isa. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Aiki ya zaunar da ni Sakkwato, amma mahaifiyata da ƙannena da gonar gado duk suna can. Don haka bari in faɗa muku yadda ake tara kuɗin nan, da kuma abin da ake amfani da shi wajen tarawa.

Mu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990, babu wani aiki babba da mutum ɗaya yake yi shi kaɗai a garinmu. Idan damina ta kankama, ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya kai goro wurin sarkin noma ya ce yana neman gayya. A sa rana. Mai shela ya zagaya da dare. Da hantsi samari su yi sahu a bakin gona, makaɗi yana bayansu da ganga yana kiran kowa da kirarin gidansu, wanda ya rage baya kuwa ya shiga uku da bakin 'yan mata masu kawo fura. Gonar da za ta ci mutum kwana goma sai a tashe ta kafin azahar. Ba a biyan kowa ko kwabo. Abinci ne da goro, sai kuma bashin da kowa ya san yana kansa: ranar da wani ya kira, kai ma ka fito.

Kuma ba mai ƙarfi kaɗai ake yi wa ba. Gonar liman, gonar matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, gonar tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani Legas ko Ibadan, waɗannan ba sai sun roƙa ba. Haka yashe rijiya, haka yaɓen masallaci kafin ruwa ya sauka, haka gyaran makabarta, haka jinkar ɗakin ango. Idan abu na kuɗi ne, kamar sayen likkafani ko kai mai naƙuda asibitin Sabon Birni, akwai tsarin karo-karo da kowa ya sani. Mai gari da liman da masu unguwanni su zauna, su lissafa gidaje, a ɗora wa kowa gwargwadon ƙarfinsa. Mai dami ɗari ba a haɗa shi da mai dami goma. Babu takarda, babu rasit, amma ban taɓa jin an ce kuɗi sun yi ɓatan dabo ba, domin kowa ya san abin da ke cikin rumbun kowa.

To wannan tsarin ne 'yan bindiga suka iske a ƙasa, suka hau kansa.

Abin ya fara tsananta a wajenmu tun wajen 2019. A watan Mayu na 2020 aka shiga Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, aka kashe mutum sama da 70 a yini ɗaya. A Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka tafi. A Disamban wannan shekarar aka banka wa motar matafiya wuta kusa da Gidan Bawa da mutane a ciki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kawo waɗannan ne don a gane cewa lokacin da saƙo ya zo wa mai gari cewa a tara miliyan kaza kafin rana kaza, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da zai biyo baya. Ya ga Garki.

Sai ya yi yaya? Ya kira liman da masu unguwanni, waɗannan dai mutanen, a wannan dai zauren. A lissafa gidaje kamar yadda aka saba. Mai shelar da yake kiran gayya shi ne zai zagaya. A sayar da tunkiya, a buɗe rumbu tun kaka ba ta yi nisa ba, mata su fasa adashi. Abin da ya rage sai a bugo mana waya, mu 'yan birni. Duk ma'aikacin gwamnati ɗan yankin nan ya san wayar 25 ga wata. Akwai kuɗin shiga gona, akwai kuɗin girbi, akwai kuɗin fansa idan an ɗauki wani, wani lokaci har da babur da katin waya a kai. Ka biya wannan daba, wata dabar ta ce ita ba ta san zancen ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita gayyar kanta. A wasu garuruwan ana aiko wa mai gari cewa a turo samari gobe su yi noma a gonar 'yan bindiga, gonar da wataƙila ta wani ɗan garin ce da ya gudu. Su fita da hauyarsu a sahu kamar da, babu ganga, babu fura, mai bindiga yana zaune a inuwa. Wani tsoho a garinmu ya ce mini: "Ɗana, gayya munka sani ta arziki. Wagga kau ban san sunanta ba."

Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. Da, bayan isha'i dandali cike yake. Yara a makarantar dare gefen wutar kara, 'yan mata suna gaɗa, dattawa suna hira a kan tabarma har dare ya raba. Yanzu kalma ɗaya ta kashe hirar: infoma. Sanin da kowa ya yi wa kowa, wanda shi ne ya sa karo-karo yake tafiya da adalci, shi ne ya zama abin tsoro. Ka sayar da sa ranar kasuwa, da dare a buga maka ƙofa a faɗa maka nawa ka sayar. Wa ya faɗa? Sai ka fara kallon maƙwabcinka, shi ma yana kallonka. Mutum ya sami alheri ya ɓoye wa ɗan uwansa. Ana ɗaura aure da mutum biyar a cikin zaure. Ni kaina idan zan je gida ba na faɗa wa kowa rana, ba na shiga da mota, ba na kwana.

Ga kuma Fulaninmu, waɗanda muka tashi tare. Bayan girbi su zaunar da shanu a gonarmu su bar mana taki, mu ba su hatsi. Shanun mutanen gari da yawa a hannunsu suke amana. Yau da yawansu an kwashe musu dabbobi su ma, kuma ba su iya shiga kasuwa saboda tsoron 'yan sa-kai. Na san wannan sakin layin zai jawo mini zagi, amma kashe Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne bai dawo wa kowa da saniya ko ɗaya ba, sai ma ya ƙara wa Bello Turji da irinsa yara.

Waɗanda suka kasa jurewa sun tsallaka Nijar. Dubban mutanenmu suna jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji da Cadakori da Garin Kaka. Mu da su dama abu ɗaya ne, Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni jini ɗaya ne tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, iyakar Bature ce ta ratsa tsakani. Ƙauyawa talakawa suka buɗe musu zaure da rumbu tun kafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta iso. Allah ya saka musu da alheri. Amma garin da rabin samarinsa suka watse, wa zai yashe masa rijiya?

Masu cewa a kama mai gari, ku tuna da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa. An sace shi a kan hanya a watan Yulin 2024, duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙo, a watan Agusta aka kashe shi. Allah ya jiƙansa. Hakimi ke nan mai rawani, wanda gwamnati ta san da zamansa. To ina ga mai garin da babu ɗan sanda ko ɗaya tsakaninsa da daji?

Ni ma'aikaci ne, na san iyakar bakina, kuma ba zan ce ba a yi komai ba. An rufe layukan waya da kasuwannin mako a 2021. An kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha a 2024. Sojoji suna nan, wasunsu sun bar ransu a dajinmu, Allah ya gafarta musu. Sai dai rufe kasuwa da waya ya fi cin talaka, domin shi ne ya rasa inda zai sayar da akuya, ya rasa yadda zai kira agaji. Jami'an kuma sun fi yawa a hedikwatar ƙaramar hukuma da kan kwalta, gona kuwa tana lungu.

Ga abin da nake roƙo, tun da kaka ta matso. A kai tsaro bakin gonaki da fadamun Rima da Bunsuru da Gagare na makonnin girbi, gunduma bayan gunduma, a bar jama'a su yi gayyar yankan gero a kwashe a shigo da shi gari cikin kwana biyu ko uku. Hannun aiki muna da shi, mai tsaron bayanmu muke nema. Ƙungiyoyinmu na 'yan asalin gari da ke Sakkwato da Kano da Abuja kuma, mu fara rubuta abin da kowane ƙauye ya biya, da wata, da dalili, mu ajiye a hannun amintattu. Ranar da za a zauna maganar tallafi ko diyya, kada a ce mana babu shaida.

Masu sharhi, don Allah kada a ambaci sunan gari ko na mutum a ƙasa. Duk wanda ya rubuta zan goge. Su ma suna da waya, kuma suna karantawa.