Idan Zance Ya Bar Hanya

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wannan gaskiya ce, amma akwai wani halin nata da ba a cika ambata ba, wato ba ta son tafiya a miƙe. Duk wanda ya taɓa zama a zaure ko a gindin bishiya ya san yadda ake fara hira da tsadar taki, a ƙare da auren 'yar wane. A can wannan ba laifi ba ne, domin ba a yanka wa hirar iyaka ba tun farko. Matsalar tana tasowa ne idan an tara mutane musamman domin batu guda, kamar yadda muke yi a zauren tattaunawarmu na ɗaliban Hausa kowace Alhamis bayan la'asar.

Mu da muke karatu a nan Kudu, wannan zama ya fi ƙarfin darasi a wurinmu. A cikin mako guda, sa'o'i biyun nan ne kawai wasunmu suke samun damar buɗe baki su yi Hausa son ransu. Saboda haka kowa yakan zo da cikinsa cike da magana. Ana cikin nazarin karin magana sai wani ya sako zancen kuɗin mota zuwa gida, wani ya tuna da rasuwar da aka yi a garinsu, wani kuma ya jawo siyasa. Shi kuwa wanda ya yi mako biyu yana haɗa takardarsa, sai ya zauna yana kallon agogo har a kira magariba bai kai rabi ba.

A kan wannan ne ra'ayinmu ya rabu biyu. Wasu suka ce shugaban zama ya riƙa katse duk wanda ya kauce, ko wane ne. Wasu kuma suka ce ai ba kotu muke ba, a bar kowa ya amayar da abin da ke ransa. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma kowanne yana da hasararsa. Idan aka bar zance ya yi ta yawo, masu gabatar da takardu za su janye, zauren ya koma majalisar 'yan shayi. Idan kuma aka tsananta, waɗanda za mu fara rasawa su ne ƙannenmu 'yan shekarar farko, musamman haifaffun zango, irin su Sabon Ibadan da aka kafa tun 1916, ko Agege da Idi-Araba a Ikko. Da yawansu dama suna ɗari-ɗari da Hausarsu a gaban 'yan Kano da Sakkwato. Irin wannan yaro, idan ya yi ta maza ya ɗaga hannu aka gwale shi a bainar jama'a, to, da wuya a sake ganin ƙeyarsa.

Da muka zurfafa tunani sai muka ga ashe kauce wa batu iri uku ne, kuma ba magani ɗaya ke yi musu ba.

Na farko shi ne zancen da ake zaton ya ɓace, alhali zagaye ya yi. Wata rana muna magana a kan haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shigo rubutun boko a shekarun 1930, sai wani ɗalibi ya fara ba da labarin kakansa, dillalin goro a Shagamu. An fara gunaguni, sai ga shi ya iso inda zai je: tsohon yana rubuta sunayen masu bashi da ajami, kuma da harafin nan ɗa mai hannu yake bambanta ɗ da d. Wannan labari ya nuna mana cewa magabatanmu sun riga boko warware matsalar, abin da takardar ranar ba ta taɓo ba. Irin wannan mai magana haƙuri yake bukata. Ko a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ai da jan labari ne aku ya yi ta tsare Musa ɗan sarki a gida har ya kuɓuta daga makircin waziri.

Na biyu shi ne zancen larura. Wanda aka aiko masa da labarin mutuwa, ko kuɗin makaranta ya gagare shi, ba shi da wani dandali sai namu. Katse shi rashin tausayi ne, barinsa kuma ya cinye lokacin wani shiga haƙƙi ne. Don haka muka ware minti goma sha biyar a farkon zama domin gaisuwa da jaje da sanarwa. Abin da ya taso a tsakiya kuwa, sakatare yakan rubuta shi a gaban mai shi, a dawo kansa kafin a shafa fatiha. Rubutawar nan tana da muhimmanci, domin mutum yakan yarda ya jira idan ya ga an adana maganarsa.

Na uku shi ne na mai son a ji muryarsa, ko mai neman kunna wutar gardamar siyasa da ta ɗariƙa. Wannan kam sai an tsai da shi, amma ko shi akwai yadda ake yi. A nan muka yi aro daga wurin tafsirin azumi. Kowa ya san malami kan yi nisa cikin bayani, amma da zarar mai jan baƙi ya ɗauko aya ta gaba, sai karatu ya koma kan turba ba tare da an muzanta kowa ba. Mu ma muka naɗa namu mai jan baƙin, wanda aikinsa shi ne ya maimaita tambayar da ke gabanmu, ya miƙa ta ga wani. Idan mutum ya maimaita halin, sai wani babba a cikinmu ya same shi shi kaɗai bayan an tashi, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba mu ce mun gama da matsalar ba, domin har yanzu akan yi saɓani a kan ko wata magana ta cikin kashi na farko ce ko na uku, kuma shugaban zama ba shi da ma'auni sai hankalinsa. Sai dai mun amince da ƙa'ida guda: idan shakka ta shigo, a ƙara wa mai magana minti biyu, musamman in baƙo ne. Minti biyu ana iya rama su mako mai zuwa, amma ɗan'uwan da ya fita da ɓacin rai, dawo da shi sai an sha wuya.

Muna fata 'yan'uwa da za su gaje mu a wannan zaure za su duba wannan tsari, su gyara inda ya gaza. Allah ya sa mu dace, amin.