Ranar da kwamfutata ta yi shiru a Kurfi

Saura kwana goma sha biyu in miƙa firojet ɗina abin ya faru. Na je gida Kurfi hutun ƙarshen mako, ina cikin gyara babi na huɗu aka ɗauke wuta. Bayan kamar minti biyar aka dawo da ita da ƙarfi, har ƙwan fitilar ɗakina ya ƙone. Kwamfutar ta tebur ce, tsohuwa, Yaya ya bar min da zai tafi bautar ƙasa. Na danna makunni, shiru. Ko fanka ba ta motsa ba. Wallahi sai da na ji cikina ya ƙulle.

Kar ku ce ba ni da filashi, ina da ita. Amma abin da ke ciki na mako uku baya ne, babu babi na uku da na huɗu, babu alƙaluman takardun tambaya da na sha rana ina rabawa. Kullum cewa nake gobe zan kwafe.

Washegari na naɗe akwatin a tsohon bargo, na shiga mota zuwa Dutsin-Ma, inda masu gyara suka yawaita tun da aka buɗe jami'ar tarayya a 2011. Na samu wani dattijo a ɗan shagonsa. Na ce, "Malam, don Allah ka ceto min had-dis, sauran ko oho." Ya yi dariya ya ce, "Ɗan samari, zauna. Ba a fara gyara daga abin da ake tsoro, daga wuta ake farawa."

Ya kwance ƙaramin akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, ya miƙo min in sansana. Ƙauri! Ya sa wani nasa na gwaji, fanka ta juya, amma allo baƙi ƙirin, sai ƙarar tsit-tsit-tsit. Ya ce wannan ƙarar magana ce: kwamfutar ta duba sassanta, ta ga wani bai amsa ba. Ya zare ram, ya goge bakinsa mai ruwan zinare da abin goge fensir, ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta yi dam a ramin da ƙaramin buroshi, ya mayar. Allo ya kawo haske. Mun karanta wannan a aji tun zangon farko, amma ko sau ɗaya ban taɓa buɗe tawa ba, abin kunya.

Windows dai ta ƙi tashi. Nan ma bai yi gaggawa ba, ya ce wanda ya sake zuba ta yanzu zai iya share komai. Ya ciro had-dis ɗin, ya jona shi da tasa kwamfutar. Da na ga sunan babi na huɗu ya fito, sai da na yi hamdala da ƙarfi. Gyaran daren ne kawai ya tafi. Ban tashi daga bencin ba sai da na kwafe a filashi, na kuma ɗora a Google Drive, mai ba kowa gigabait 15 kyauta. Yanzu duk daren da na taɓa aikin sai na tura wa kaina ta imel.

Da zan tafi na ce masa ƙananan sifikuna ma sun ƙone. Ya tambaye ni ko akwai tsohuwar rakoda a gidanmu. Akwai kuwa, ta Baba, kaset ɗin ya daɗe da mutuwa, sifikunta biyu na katako suna ɗakin ajiya. Ya ce in taɓa wayoyin kowace da batirin tocila: in ta yi "ɗas", da ranta. Sai dai kwamfuta ba ta da ƙarfin tura su kai tsaye, don haka ya sayar min da ɗan allon ƙara sauti, PAM8403, bai kai akwatin ashana ba, wutar USB mai bolt 5 yake ci.

Duka biyun suka yi "ɗas". Bayan sallar isha'i na haɗa, na sa waƙar Shata. Baba ya leƙo ya tsaya bakin ƙofa, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Kai, waɗannan ai nawa ne." Na ce, "Baba, aro na yi." Ya ce to, in na gama makaranta in mayar masa da su ɗakinsa, har da ɗan allon.