Ƙarfi da Rauni a Littafin The Hunger Games

Daga cikin ƙagaggun labarai akwai nau'in da ke ɗaukar mai karatu ya kai shi wani zamani da bai zo ba, inda ilimin kimiyya ya bunƙasa amma tausayi ya ƙaurace wa zukatan masu mulki. Ɗalibin da ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya ɗanɗani labarin kimiyya, sai dai wannan nau'i ya fi karkata ga yin gargaɗi a kan zalunci. Fitaccen misalinsa shi ne The Hunger Games, wanda Suzanne Collins, 'yar ƙasar Amurka, ta rubuta domin matasa, aka buga shi a 2008.

An gina labarin ne a wata ƙasa mai suna Panem, wadda ta taso a kan kufan Amurka ta Arewa. Babban birninta, Capitol, yana cikin wadata, yayin da gundumomi 12 ke yi masa bauta. Saboda wani tawaye da aka taɓa yi, a kowace shekara sai an zaɓi yaro da yarinya 'yan shekara 12 zuwa 18 daga kowace gunduma ta hanyar ƙuri'a. Akan zuba waɗannan yara 24 a fage su yi ta kashe juna har sai ɗaya ya rage, ana nunawa a talabijin. Tauraruwar labarin, Katniss Everdeen, 'yar shekara 16 daga gundumar masu haƙar kwal, ta miƙa kanta ne a madadin ƙanwarta Prim, wadda ƙuri'a ta faɗo a kanta.

Babban ƙarfin littafin shi ne yadda ya nuna yunwa a matsayin makamin mulki. A Panem, yaron da abinci ya ƙare a gidansu yana iya karɓar hatsi da mai daga hukuma, amma da sharaɗin a ƙara jefa sunansa cikin ƙuri'a. Ta haka ne sunan Katniss ya shiga sau 20, alhali 'ya'yan masu hali ba su da wannan larura. Marubuciyar ba ta tsaya wa'azi ba. Wannan doka kaɗai ta isa ta nuna cewa talaka ne ke biyan farashin zalunci da jinin 'ya'yansa. Haka kuma salon littafin yana da armashi. Katniss ce ke ba da labarin da bakinta tamkar a lokacin abin ke faruwa, cikin gajerun jimloli, kuma akasarin babobin suna ƙarewa a daidai inda hankali ya tashi.

To sai dai duk da wannan, littafin yana da rauni a daidai inda jigonsa ya fi nauyi. Tambayar da labarin ya aza ita ce: shin mutumin kirki zai kashe marar laifi domin ya tsira da ransa? Marubuciyar ta yi ta kare tauraruwarta daga amsa wannan tambaya. Rue, ƙaramar yarinyar da Katniss ta ƙulla abota da ita, wani ne ya kashe ta. Waɗanda suka mutu ta sanadin Katniss kuwa duk daga cikin masu farautar sauran yara suke, waɗanda tun farko aka zana su a matsayin mugaye. Daga baya ma an sauya dokar wasan domin ita da Peeta, ɗan gundumarsu, su sami damar tsira tare. Ko da yake an janye sauyin, barazanar da suka yi ta cin 'ya'yan itace masu dafi ta tilasta aka bar su da rai. Wannan dabara ce mai kyau a zubi, amma ta sauƙaƙa wa mai karatu nauyin da ya kamata ya ɗauka.

Bugu da ƙari, yawancin yaran da suka mutu ba a ko ambaci sunayensu ba. Saboda haka mai karatu yakan iske kansa yana ƙidaya mamata yana murna, domin tauraruwarsa na ƙara kusantar nasara. Ke nan ya zama ɗaya daga cikin 'yan kallon Capitol da littafin ke la'anta. Collins da kanta ta bayyana cewa tunanin labarin ya zo mata ne tana sauya tashoshin talabijin tsakanin shirin gasa da rahoton yaƙin Iraƙi, har biyun suka cakuɗe mata.

A nan ne aikin malami yake. Idan ya bar ɗalibai da tambayar wane ne ya ci gasa, to ya koya musu kallo ne kawai. Amma idan ya tambaye su dalilin da ya sa mutuwar Rue ta sosa musu rai, ta sauran yara kuwa ba ta dame su ba, to raunin littafin ya zame musu darasi, domin za su gane yadda marubuci ke sarrafa tausayin mai karatu.