Sufeto Ɗanladi Waziri da rahoton da aka binne

 Fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan nake so mu tattauna, wanda ya fito a 2014. A ganina har yau ba a yi fim ɗin binciken kisan kai a Najeriya da ya kamo ƙafarsa ba, kuma mu mutanen Jos muna da rabo a cikinsa fiye da yadda muke tsammani.

Rabonmu na farko shi ne jarumin. Duk wanda ya yi wayo a farkon shekarun 1980 ya san Sadiq Daba da sunan Bitrus, yaron nan mai ƙiriniya na shirin Cock Crow at Dawn da NTA ta ɗauka a nan yankin Jos. Bayan fiye da shekara 30 sai ga shi ya dawo a matsayin Sufeto Ɗanladi Waziri, dogo, siriri, cikin kakin 'yan sandan zamanin Turawa. Wannan rawa ce ta ba shi kyautar gwarzon jarumi ta AMAA a 2015. Ya rasu a Legas ranar 3 ga Maris 2021, Allah Ya ji ƙansa. Ba ya ihu, ba ya zare ido, ba ya dukan tebur. Tsayuwarsa kaɗai da yadda yake yin shiru kafin ya jefa tambaya sun isa su gaya maka cewa wannan mutum ne da ya daɗe yana aiki ƙarƙashin waɗanda ba su ɗauke shi a bakin komai ba, kuma bai yarda hakan ya lalata masa aikin ba.

Labarin, wanda Tunde Babalola ya rubuta, a watan Satumba na 1960 yake faruwa. Di'o Winterbottom ya tura Waziri wani gari mai suna Akote a ƙasar Yarabawa, garin da marubucin ya ƙirƙira, inda ake yi wa 'yan mata fyaɗe ana kashe su. An ba shi wa'adi: ya gano mai kisan kafin ranar 1 ga Oktoba, ranar da za a sauke tutar Ingila. Turawan ba rayukan 'yan matan ne ya dame su ba. So suke su miƙa ƙasar ba tare da an ji wani abin kunya ba.

Tura ɗan Arewa ya yi bincike a garin da ba ya jin harshensu ba wai dabarar marubuci ba ce kawai. Haka Turawa suka gina aikin ɗan sanda tun daga tushe: a shekarun 1860 wani Bature, Glover, ya tara dakarun Hausawa a Legas, saboda baƙo ba shi da dangi a garin da aka ba shi tsaro. A 1930 aka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu, amma sai a 1964 ɗan ƙasa, Louis Edet, ya zama Sufeto Janar. Ke nan a lokacin da Waziri ke yawo a Akote, duk ƙwarewarsa, maganar ƙarshe ba tasa ba ce.

Abin da ya fi burge ni a rabin farko na fim ɗin shi ne zaman Waziri da Saje Afonja, rawar da Kayode Olaiya ya taka. Afonja ne tafintansa, shi ya san wa ake durƙusa wa, wace ƙofa ba a shiga da takalmi. Waziri ya san doka da hujja, amma bai san gari ba. Da ya ba da umarnin a kamo Baba Ifa, bokan da duk garin ke jin tsoro, Afonja ya ƙi, aka dakatar da shi daga aiki. Daga baya kuma, da aka ji wa Waziri ciwo, a gidan wannan Afonja ɗin aka yi jinyarsa da maganin gargajiya. Fim ɗin bai mai da ɗayansu wawa don ɗayan ya haskaka ba. Mutum biyu ne masu gaskiya da kowannensu ke riƙe da rabin abin da ake buƙata.

An kashe kuɗi da lokaci wajen dawo da 1960: motoci, kekuna, fitilun ƙwai, gajeren wandon 'yan sanda, ɗinkin malaman makaranta. A Ilara-Mokin ta Jihar Ondo da Legas aka ɗauki yawancinsa. Kowa da harshensa yake magana, Yarabanci da Turanci da Hausa da Ibo, kamar yadda muke ji kullum a tashar Gada Biyu ta nan Jos.

Sai dai inda fim ɗin ya kama ni ya ƙi saki shi ne labarin Usman Dangari. Matafiyi ne ɗan Arewa, hanya ce ta biyo da shi. An kashe wata yarinya 'yar ƙabilar Ibo, Chidinma, mahaifinta Okafor da mutanensa suka shiga daji nema, suka ci karo da baƙo, shi ke nan. Ba shi da kowa a garin da zai ce ya san halinsa. Har Waziri, wanda ya kamata ya fi kowa tsayawa, ya karɓi abin da aka kawo masa domin wa'adi ya matso. Ana shirin tafiya da shi Okafor ya jefe shi da adda. Kanayo O. Kanayo ya taka rawar uban nan ta yadda ba za ka iya tsanarsa ba: mutum ne da baƙin ciki ya rufe wa ido, ya kashe marar laifi yana ganin ya rama wa 'yarsa.

Wa zai kalli wannan a Gada Biyu ya ce labarin wasu ne? A jajibirin Kirsimeti na 2010 bama-bamai sun tashi a nan Kabong da Unguwar Rukuba, suka kashe mutanen da suka fito cefanen biki. Ranar 14 ga Agusta 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba, suna komawa Ikare ta Jihar Ondo daga taron zikiri a Bauchi, aka kashe fiye da 20. Waɗanda suka mutu a ranakun nan biyu ba wanda ya tambaye su me suka yi. Inda suke da abin da aka zaci su ne, shi ya kashe su. Na san akwai masu karanta wannan da suka rasa nasu a ɗaya daga cikin ranakun, ko a wasu ranakun da ban ambata ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ba zan faɗi sunan mai kisan ba saboda waɗanda ba su kalla ba, ko da yake mai lura zai gane shi tun kafin a yi nisa. Wasu na ganin wannan rauni ne. Ni ban gan shi haka ba, domin tambayar fim ɗin ba wane ne ba ce, me ya mai da shi haka ce. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa da iyaye suka damƙa wa wani fada Bature ya kai shi makaranta a Legas, ya yi shekaru yana lalata da shi, ba wanda zai gaya wa. Kada wani ya ɗauka wannan tonon asirin addini ɗaya ne. A Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300, da yawa yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake kira makarantar gyaran hali, wasu da mari a ƙafa. Duk inda aka miƙa yaro aka ce kada ya yi ƙorafi don malaminsa mutumin Allah ne, ƙofar a buɗe take. Inda nake da ƙorafi a kan fim ɗin shi ne 'yan matan da aka kashe. In ban da malama Tawa da ta tsira, wadda Kehinde Bankole ta fito a matsayinta, ba mu san su da rai ba, gawarsu kawai muka gani. An ba wanda ya kashe su tarihi da dalili, su ba a ba su ba.

Daga ƙarshe Waziri ya gano gaskiya, ya rubuta ta, ya kai wa manyansa. Suka ce a bar kaza cikin gashinta: mai laifin ɗan babban gida ne, ga sunan Bature a ciki, ga ƙabilu uku da jini ya shiga tsakaninsu, ga bikin 'yancin kai. Ya yi gardama, sannan ya sauko, don a zauna lafiya. Fuskar Sadiq Daba a wannan wuri ita ce fim ɗin gaba ɗaya. Usman Dangari ya tafi da sunan mai kisan kai a bakin jama'a.

Mu ma an rubuta mana rahotanni. Kwamitin Mai Shari'a Fiberesima bayan rikicin 1994, na Niki Tobi bayan na 7 ga Satumba 2001, na Bola Ajibola bayan na Nuwamba 2008. Mutane sun je sun ba da shaida, wasu suna kuka. Rahotannin sun daɗe a aljihun tebur, hukunci bai biyo baya yadda ya kamata ba, kuma zaman lafiyar da aka ce ana karewa da shirun bai zo ba. Kowane ɓangare ya ci gaba da riƙe nasa lissafin gawarwakin.

Ga 'yan uwana masu harkar fim kuwa, ina da roƙo. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a nan Jos take, da makarantar koyon fim ɗinta, kuma tun Janairu 2024 Ali Nuhu ke shugabantar hukumar. Kwalejin talabijin ta NTA tana Rayfield. Labarai kuma ga su nan zube: aikin tilas da aka kwaso mutane daga lardunan Arewa suka yi a ramukan kuza tsakanin 1942 da 1944, rikicin Hausawa da Ibo na 1945 a cikin garin nan, 'yan dokan En'e da 'yan sandan gwamnati suna aiki a gari ɗaya kowa da ubangidansa. A ba mu ɗan doka guda a Bukuru ta 1943, da gawar lebura a bakin ramin kuza, da Baturen kamfani da ke so a rubuta cewa sanyi ne ya kashe shi. Tsofaffin gidajen kamfanonin suna nan tsaye, tafkunan da haƙar ta bari suna nan, kuma akwai dattawan da iyayensu suka yi wannan aikin da za a iya zama da su a ji yadda abin ya kasance.