Hatsi Na Nan, Ƙofar Rumbu Ce Ta Cije

Kowane zamani da irin fargabar da marubutansa suke kwana da ita. Mu da muka fara rubutu da biro a littafin makaranta mai falle 80, abokan gabarmu sanannu ne: gara, da yoyon damina, da ɓera, da yaran gida masu yagar takarda su yi jirgi. Idan an tsira daga waɗannan sai a miƙa wa mai tafireta, a koma gida ana zullumin kada wani babi ya salwanta a teburinsa. To, yau galibinmu mun bar wannan hanya. Abin da muka rubuta a shekara biyar ko goma, da wanda aka buga da wanda ke jiran kuɗin ɗab'i, duk mun tattara mun zuba a wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda ake jona wa kwamfuta da waya. Masu gyara suna ce masa had-dis, mu kuwa a nan za mu kira shi rumbu, tunda aikinsa ke nan.

Fargabar yau ita ce ranar da marubuci zai jona rumbun nan, ya kasa kunne bai ji ƙarar da kwamfuta ta saba yi ba, ya duba allo ya ga babu alamar an jona wani abu. Ya cire, ya mayar, shiru. Nan take gumi zai karyo masa ko da a tsakiyar hunturu ne. Da yake a makarantar da muke koyarwa mu ne muke kula da 'yan kwamfutocin da ake ajiye sakamakon jarrabawa, abokan aiki da 'yan'uwa marubuta sun sha kawo mana irin wannan kuka. Abin da muka lura da shi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne sau da yawa hatsin yana nan lafiya lau, ƙofar rumbun ce kawai ta cije. Ɓarnar da ta fi yawa tana faruwa ne bayan haka, sa'ad da mai rumbu ya ruɗe ya ɗauko gatari.

Kafin a taɓa komai, yana da kyau mu san abin da ke cikin akwatin. Akwai fayafai masu sulɓi kamar madubi, da suke juyawa sau 5400 a minti ɗaya a yawancin ƙananan rumbuna. Akwai wata 'yar allura da ke shawagi a samansu tana karatu da rubutu ba tare da ta taɓa su ba, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashi sirantaka sau dubbai. Kakan wannan na'ura kamfanin IBM ne ya fito da shi a Amurka a 1956, da fayafai 50 masu faɗin inci 24, kuma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba, wato ƙagaggun labarai goma sha wani abu. Jikansa da ke aljihunmu yana iya haɗiye littattafan babban ɗakin karatu bai ƙoshi ba. Amma tsakanin fayafan nan da idon mai karatu akwai matakai: wayar jonawa, da kafar da ake cusa ta, da wutar da ke juya fayafan, da wani ɗan allon lantarki da ke yi wa rumbu da kwamfuta tafinta, sannan da jadawalin da ke faɗin inda kowane fayil yake. Ko ɗaya daga cikinsu ya sami tangarɗa, kwamfuta za ta ce ba ta ga komai ba, alhali ko wasali ɗaya bai goge ba.

Saboda haka bincike daga waje ake faro shi, kuma da hannu da kunne. A jona rumbun, a ɗora tafin hannu a kansa, a kara kunne. Idan an ji ɗan motsi da gunji mai laushi wanda ba ya yankewa, fayafai suna juyawa, labari mai daɗi ke nan. Idan ba a ji komai ba, a fara zargin waya. Ita ce ta fi komai shan wahala, kullum ana naɗe ta ana cusawa a jaka, kuma takan karye daga ciki alhali bayanta sumul. A ari wata a gwada. A canja kafa, domin ƙurar hunturu takan toshe ta, ko bakinta ya saki. Idan kwamfutar tebur ce a jona a kafofin baya, kuma a guji ɗan abin nan mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu. Dalili shi ne wuta. Tsohuwar kafar USB 2.0, wadda aka fito da ita a 2000, ƙa'idarta miliamfiya 500 ce, ita kuwa USB 3.0 ta 2008, wadda galibi cikinta shuɗi ne, tana ba da 900. Rumbun da bai ƙoshi da wuta ba sai ya yunƙura ya tashi ya koma, wani lokaci har da 'yar ƙara kamar kukan tsako. Manyan rumbunan da ke da nasu abin jona wuta na bango kuwa, a tabbata abin nan bai ƙone ba, musamman a gidan da ake yawan sauyawa daga wutar gari zuwa ta janareto. Daga nan sai a kai shi wata kwamfutar. Idan ya buɗe a can, to ciwon ba a jikinsa yake ba.

Idan rumbu yana juyawa amma har yanzu bai bayyana ba, sai a leƙa ɗakin da Windows take lissafa duk abin da aka jona mata. A danna maɓallin Windows tare da harafin X, a zaɓi Disk Management. A nan za a ga rumbun ko da bai fito a inda aka saba ganinsa ba, kuma girman da aka rubuta a gefensa shi zai nuna shi ne. Wani lokaci lafiyarsa ƙalau, harafi kawai ya rasa. Windows tana kiran kowane rumbu da harafi, kamar D ko E, wanda bai sami harafi ba kuwa tamkar ɗalibi ne da yake zaune a aji amma babu sunansa a rajista: ana kiran suna ba za a ji shi ba. A ba shi harafi, nan take ya fito. Wani lokaci kuma bambancin harshe ne. Rumbun da aka tsara a kwamfutar Mac da tsarin APFS, wanda Apple ya fara amfani da shi a 2017, Windows ba ta iya karanta shi da kanta, maganinsa a mayar da shi wurin Mac a kwashe kaya. Mai yawo tsakanin kwamfutocin biyu, tsarin exFAT ne ya fi dacewa da shi, domin duka biyun suna jin wannan harshe.

A daidai nan ne ramin yake, kuma a nan muke roƙon mai karatu ya buɗe ido. Idan jadawalin nan da muka ambata ya lalace, misali an fizge waya ana tsakiyar ajiya, ko an ɗauke wuta, sai a ga an rubuta RAW a jikin rumbun, kwamfuta kuma ta fito da wani saƙo cikin ladabi tana cewa sai an yi fomatin kafin a iya amfani da shi. Kada a amsa mata. Hakanan idan ta nemi a fara tsara shi kamar sabo. Ita ba ta san akwai littafi a ciki ba, burinta kawai ta sami wurin ajiya. Littafin da aka yage shafin ƙunshiyarsa ai ba a cewa ya ƙare, babobinsa suna nan. Fomatin na gaggawa sabon jadawali yake shimfiɗawa, ana iya ceto wani abu bayansa da wahala, amma cikakken fomatin, tun daga Windows Vista zuwa yau, bi yake yana shafe rumbun gaba ɗaya, bayansa sai haƙuri.

Wata 'yar'uwa marubuciya, malama a makarantar da ke maƙwabtaka da tamu, ta taɓa zuwa ofishin malamai bayan an tashi, da rumbu a ƙulle cikin leda. Littafinta ne a ciki, na ɗaya zuwa na uku, aikin shekara uku. Ta ce, "Malam, na kai shagon da nake buga takardu, yaron ya ce babu makawa sai an wanke shi. Na ce ya dakata in yi shawara." Muka ce, "Malama, wannan dakatawar ita ce ta cece ki." Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna TestDisk, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira, tare da abokiyarta PhotoRec. Da ta farkon muka leƙa, sai ga sunayen fayilolinta a jere kamar ba abin da ya faru. Muka kwashe su zuwa wani rumbun daban, domin ƙa'ida ce ba a mayar da abin da aka ceto cikin rumbun da ake ceto daga gare shi, sabon ajiya yana iya hawa kan tsohon da ba a kai ga ɗaukowa ba. Ba a yi sallar magariba ba sai da ta karanta mana farkon babi na bakwai, muryarta tana rawa. Mun kuma ga wani da ya amsa wa kwamfuta, sannan ya zuba finafinai a rumbun na tsawon mako biyu kafin ya nemi taimako. Daga wasan kwaikwayonsa, fitowa biyu kawai aka samu.

Akwai kuma ciwon da yake kama da ɓata amma ba ɓata ba ne. Rumbu ya buɗe, sai a ga foldodi sun ɓace ko sun koma 'yan alamomi masu kibiya. Aikin bairos ne da ake kwasowa a kwamfutocin haya, ɓoye kaya yake yi. A duba yawan wurin da aka cinye a rumbun, idan yana nan yadda yake, to kaya suna ciki. Kada a danna alamomin, a wanke ƙwayar da manhajar riga-kafi, sannan a umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli.

Duk wannan bayani ya shafi rumbun da muryarsa lafiya take. Idan kuwa aka kara kunne aka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, ko ƙarar gurza, musamman bayan ya faɗi ƙasa, to a cire shi nan take. Allurar ce ta sami rauni, kuma duk jonawar da aka ƙara tana iya kartar fuskar faifan, abin da aka karce kuwa ba ya dawowa. A nan ilmin malamin makaranta ya ƙare. Kada a bubbuga shi. Kada a sa shi a firji kamar yadda wasu suke ba da shawara, raɓa ce za ta taru a cikinsa. Kada a yarda a kwance ainihin murfin ƙarfensa a bakin kasuwa, domin ƙwayar ƙura ɗaya a wurin allurar nan tamkar dutse ce a kan titi. Masu wannan aiki a ɗaki na musamman marar ƙura suke yinsa, kuma da tsada. Abin da mai gyara na gari zai iya yi shi ne ya cire rigar roba ta waje ya gwada rumbun a wata rigar, idan ɗan allon tafinta ne ya mutu. Ko wannan ma ba kowane rumbu ne yake yarda ba, wasu an haɗe musu kafar da jikinsu.

Abin da ya fi ba mu mamaki a duk lamarin shi ne ƙanƙantar abin da muke kuka a kansa. Ƙagaggen labari mai kalmomi 60,000, idan rubutu ne zalla, bai kai megabait ɗaya ba, wato hoto guda da aka ɗauka da waya ya fi shi nauyi. Mai hotunan biki yana da uzurin rashin wuri, marubuci ba shi da shi. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wajen gida. A wurinmu fassararta mai sauƙi ce. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a rumbu, ɗaya kuma mutum ya aika wa kansa ta imel duk ranar da ya gama babi. Wanda ya kwashe aikinsa daga kwamfuta ya mayar rumbu sannan ya goge na farko, bai yi ajiya ba, ƙaura kawai ya yi. Idan da hali a buga a takarda a ba wani amini ya adana, kuma kullum a sallami rumbu ta hanyar da kwamfuta ta tanada kafin a zare waya.

Ga matasanmu masu tasowa, waɗanda da yawansu ba su taɓa rubuta labari da biro ba, muna cewa: an sha nanata muku ku karanta, ku gyara ƙa'idar rubutu, ku kula da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. To, ku ƙara da wannan, adana aiki ma yana cikin sana'ar. Kuɗin rumbu ana samunsa, amma jimlar da ta zo wa mutum da tsakar dare sau ɗaya take zuwa, ko ya sake zama ba zai kamo ta yadda take ba. Ranar da ƙofa ta cije, a zauna, a sha ruwa, a fara da waya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.