Amana, Imani, Aminci: 'Ya'yan Ɗaki Ɗaya

Mai karatu, kwaso finafinan Hausa ko littattafan soyayya da ke ɗakinka ka zube su a tabarma. Na yi imani galibinsu a kan cin amana aka gina su: aboki ya ƙwace budurwar abokinsa, ƙanin uba ya handame gadon marayu, yaron shago ya tsere da jarin maigida. Mun ji kalmar har ta zame mana kamar gaisuwa. To amma ka taɓa tsayawa ka dubi danginta?

Amana, imani, aminci, amini, har da "amin" da muke shafawa bayan addu'a, duk jijiyarsu ɗaya ce a Larabci. Haka Aminu da Amina. Ibrananci ma yana da wannan jijiyar, daga can ne "amin" ta shiga coci. A Suwahili zaman lafiya shi ne amani. Su kuwa Rumawan da, a Latin, suna da fides, uwar faith ta Turanci da foi ta Faransanci, da kuma credere, wato yarda, wadda ta haifi credit ɗin banki. Ashe su ma a wurinsu bashi yarda ce.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda al'ummomi masu nisa da juna suka hango abu guda: wanda ka ba gaskiya shi kake ba ajiya, kuma a gidansa kake barci da minshari. A zamanin Daular Sakkwato ma, "amana" ake kiran yarjejeniyar da ke bai wa waɗanda ba Musulmi ba damar zama lafiya, suna biyan jizya.

Mu a yammacin Zamfara ba a littafi muka karanta wannan ba. A ƙasar Gummi mun taso manomi yana bai wa Bafulatani shanunsa kiwo, ba takarda, ba shaida. Yau da 'yan bindiga suka shiga tsakani, wa zai yi wannan kasadar? Amana ta fita, aminci ya bi ta.

Ka tuna 2010. A Dareta, Abare da Bagega na Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurar gubar dalma tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara akalla 400 suka rasu. Da likitocin MSF suka zo, wasu mutanen sun ɓoye yawan mace-macen, don tsoron kada gwamnati ta hana haƙar da suke ci da ita. Laifinsu ne? Talakan da ya saba ganin hukuma ranar karɓa kawai, ta yaya zai saki jiki da baƙo mai tambaya? Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, sannan iyaye mata suka miƙa 'ya'yansu. Su kuwa yaran Bagega, maganin ba ya amfani sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasa, kuɗin aikin kuma da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari ba su fito ba sai a 2013. In wannan ba cin amana ba ne, mene ne sunansa?

Shi ya sa nake roƙon furodusoshi da marubutanmu su ɗan ɗaga kai daga falon Alhaji. Ga uwa can a ƙauye, goye da ɗa yana suma, a gabanta baƙon likita, a bayanta mijin da ya ce kada ta buɗe baki. Wa za ta yarda da shi? Wallahi ba sai an sa rawa da waƙa ba, wannan labarin zai riƙe mai kallo.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Ka ce amin, mai karatu, tunda yanzu ka san 'yar gidan su wa ce.